Jam ɗin bilakberi marar ƙwayoyi: yaushe ake tacewa, kuma sukari nawa ake zubawa?

Maman Biyu (Manchesta):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun farkon Agusta bilakberi, baƙaƙen 'ya'yan itacen dajin nan mai ƙaya, ya nuna a gefen hanyoyin ƙafa da bayan gidaje a nan, kuma ina so in yi jam da shi kafin lokacinsa ya wuce. Matsalar ita ce ƙananan ƙwayoyin nan na cikinsa. Mahaifiyarmu haƙoran roba take sawa, suna maƙale mata, yaran ma ba sa so. To ta yaya ake raba su da jam ɗin? A ɗanye ake tacewa ko sai an dafa? In na niƙa a bilenda zai wadatar? Sannan na ga ana cewa kilo 1 na sukari ga kilo 1 na bilakberi, shin haka lissafin yake ko an cire ƙwayoyin? Wata kuma ta ce mini sai an sa gelatin yake yin kauri, ni kuwa ina gudunsa saboda ban san da me aka yi shi ba. A taimaka da bayani dalla-dalla, Allah ya ba da lada.

Uwargidan Shefil:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Fara da ajiye bilenda gefe. Ba ta cire ƙwayoyin, farfasa su take yi, sai su bi ta rariya su koma tsakuwa-tsakuwa a baki, ga ɗaci da suke saki. A ɗanye ma kada ki tace, wahala za ki sha kuma rabin amfanin zai tafi a dusa. Dafawa ake fara yi.

Ki auna bilakberi kilo 1 da rabi, ki zuba a tukunya mai faɗi mai kaurin gindi, ki sa ruwa kaɗan, mililita 150 ya isa, don kawai kada ya ƙone kafin ya saki nasa ruwan. Wuta matsakaiciya, minti 15 zuwa 20, kina dannawa da bayan ludayi har ya farfashe gaba ɗaya. A wannan matakin babu sukari ko ƙwaya ɗaya. In sukari ya shiga da wuri yana taurara fatar 'ya'yan, sai su ƙi narkewa, tacewa ta gagara.

Ki sauke ya ɗan sha iska na minti 5, amma da ɗuminsa za ki tace, in ya huce kauri yake yi ya toshe rariya. Rariyar ƙarfe mai ƙananan idanu za ki ɗora a kan kwano, ki zuba ludayi biyu, ki murza da bayan cokali har abin da ya rage ya zama ƙwayoyi da 'yar fata, ki kwashe ki zubar, ki sake zuba wani. Kada ki manta ki riƙa kankare ƙasan rariyar, don mafi kaurin tataccen a nan yake liƙewa, kuma shi ne ke ba jam jiki. Aikin nan yana cin minti 20 ko fiye, hannu zai gaji. Mai injin tace miya irin na juyawa da hannu za ta iya fara wucewa da shi ta faifan da ya fi ƙananan huji, amma duk da haka sai ta ƙarasa da rariya, domin wasu ƙwayoyin suna zillewa.

Yanzu ga amsar tambayarki ta sukari, kuma nan ne yawancin mutane ke ɓata jam ɗinsu: abin da kika tace shi za ki auna, ba 'ya'yan da kika fara da su ba. Daga kilo 1 da rabi za ki samu wajen kilo 1 na tatacce, ya ɗan fi ko ya ɗan gaza. Ga kowane kilo 1 na tatacce ki sa gram 750 zuwa 800 na farin sukari da ruwan lemon tsami cokalin cin abinci 2. In kika bi lissafin ɗanyen, kin zuba kilo 1 da rabi na sukari a kan kilo 1, zaƙi zai kashe ɗanɗanon bilakberin kuma bayan makonni za ki ga sukari yana fitowa ƙanƙara-ƙanƙara a kwalba.

Ki mayar da tataccen cikin tukunyar bayan kin ɗauraye ta, kada ya wuce rabinta don zai taso. Ki zuba sukari da lemon, wuta can ƙasa, kina juyawa har sai kin daina jin ƙaras-ƙaras a gindin tukunya. Sai sukari ya narke tas sannan za ki ƙure wuta. Tafasar da ake so ita ce wadda ko kin juya ba ta kwantawa. Daga minti 8 ki fara gwadawa, yawanci tsakanin minti 10 zuwa 20 yake kaiwa, ya danganta da faɗin tukunya da ƙarfin wuta.

Gwajin shi ne: tun kafin ki fara ki sa ƙananan faranti 3 a firiza. Ki sauke tukunya daga wuta, ki ɗiga ƙaramin cokali a farantin mai sanyi, ki jira minti 1, ki tura da yatsa. In saman ya yamutse kuma hanyar da yatsa ya bi ba ta rufe ba, ya yi. In ya malale ya rufe, ki mayar wuta minti 2 ki sake gwadawa da wani farantin. Sauke tukunyar yayin gwaji ba ƙaramin abu ba ne, minti biyun da za ki tsaya kallon faranti sun isa su wuce da shi. Wannan adadin zai ba ki kusan kwalabe 4 masu cin gram 340.

Ɗan Kimiyyar Abinci:

Hajiya Uwargida ta kawo hanyar daidai. Zan ƙara dalilan da suke ƙarƙashinta, don wanda ya san dalili zai iya gyara tukunyarsa ko babu wanda zai tambaya.

Maman Biyu, batun gelatin ki cire shi daga ranki, ba shi da aiki a jam. Daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, kuma mai yawa a Turai na alade ne, to gudun da kike yi yana kan hanya. Abin da ke sa jam ya kama jiki sunansa fektin, yana cikin 'ya'yan itacen da kansu, wanda ake sayarwa a shago ma daga ɓawon lemo da dusar tuffa ake ciro shi. Amma fektin ba ya aiki shi kaɗai. Yana buƙatar tsami, yana buƙatar sukari ya kai wajen kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na nauyin jam ɗin. Tafasar nan mai ƙarfi aikinta korar ruwa har sukari ya kai wannan matsayin. Tsamin lemon kuma shi ke sa zaren fektin su daina ture juna su harhaɗe, su riƙe ruwan a tsakaninsu. In ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza, za ki samu ruwan zaƙi mai kauri ne kawai.

Bilakberi ba shi da fektin mai yawa in ya nuna luguf, kuma yadda yake ƙara nuna haka fektin da tsaminsa ke raguwa. Shi ya sa ake so kashi 1 cikin 4 na abin da aka tsinko ya zama wanda bai gama nuna ba, mai sauran ja-ja a jikinsa. Tacewa ma tana rage wani abu, tunda fata da ƙwayoyi sun fita, don haka ne dafawar farko ta minti 20 take da muhimmanci, ita ke fito da fektin cikin ruwan kafin a zubar da dusar. Mai son ƙari ya ƙulle 'ya'yan lemon tsamin da ɓawonsa a ƙyalle mai tsabta ya jefa cikin dafawar farkon.

Mai ma'aunin zafi na girki ya nemi digiri 104 da rabi zuwa 105. Sai dai a gwada ma'aunin a tafasasshen ruwa tukuna, a ga ko yana nuna 100, don masu arha suna kuskure da digiri 1 ko 2, kuma wannan ya isa ya raba jam da alewa. Ni shawarata a yi amfani da ma'auni don sanin an kusa, faranti ya yanke hukunci.

Abu biyu kuma. Na farko, kada a ninka adadin don a huta. Tukunya mai kilo 2 na tatacce za ta daɗe kafin ruwanta ya ƙone, kuma doguwar tafasa tana karya fektin ɗin da ake nema, launi ya koma ƙasa-ƙasa, ƙamshin ya gudu. Gara a yi sau biyu. Na biyu, tukunyar alminiyam da muka saba da ita ba ta dace da wannan aikin ba, tsami yana cin jikinta, jam ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe launinsa ya dushe. A yi amfani da ta ƙarfen nan wanda ba ya tsatsa, ko mai rufin tangaram a ciki.

A shagunan Birtaniya za ki ga sukari iri biyu da ke rikita mutane. Akwai wanda aka haɗa da fektin musamman don jam, kamfanonin Tate & Lyle da Silver Spoon duk suna yi. Akwai kuma mai manyan ƙwayoyi wanda babu fektin a cikinsa, amfaninsa rage kumfa kawai. Ki karanta bayan fakitin. In kika ɗauki mai fektin, tafasar gajeriya ce, minti 4 zuwa 5, kuma launin jam yana fitowa da haske. In bilakberinki duk ya nuna sosai ko daskararre ne na firiza, wannan sukarin zai cece ki. In akwai mai ja-ja a ciki, farin sukari na shayi da lemon tsami sun wadatar.

Hajiyar Biradfod:

Sannunku da ƙoƙari. Ni dai a ganina in don tsohuwa mai haƙoran roba za a yi, hanyar ƙyalle ta fi rariya, domin rariya ko yaya take sai ɗaya-biyu sun wuce, ƙyalle kuwa ba ya barin komai. Shi ne abin da Turawan nan suka daɗe suna yi da bilakberin daji, suna haɗa shi da tuffar girki mai tsami irin Bramley, wadda ke cike da fektin. Da ita ba kya buƙatar sayen komai.

Bilakberi kilo 1, tuffa rabin kilo. Tuffar a wanke a yayyanka da ɓawonta da cibiyarta da komai, don fektin ɗin a nan ya fi yawa. A zuba ruwa rabin lita, a dafa a hankali minti 30 zuwa 40 har tuffar ta narke. Sai a samu farin ƙyallen tatar gasara, a tsoma shi a tafasasshen ruwa a matse, a juye dahuwar ciki, a ƙulle a rataye bisa kwano. A kifa kujera a ɗaura kusurwoyin ƙyallen a ƙafafunta huɗu, kwano a ƙasa, ya kwana yana ɗiga. In ana sauri, awa 4 ne mafi ƙaranci. Kada a matse. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin matsewa don a ga ruwan ya ƙaru, amma da an matsa zai gurɓace, hasken nan da ake gani ta cikin kwalba ya tafi. Da safe a auna ruwan, kowane mililita 600 a ba shi gram 450 na sukari, sauran aikin kuma yadda Uwargida ta faɗa. Gaskiya wannan hanyar tana ba da ƙasa da abin da rariya ke bayarwa, kuma abin da ke fitowa garai-garai ne mai santsi, ba mai jiki irin na rariya ba. Kowa da abin da bakinsa ke so.

Kan tsinka kuma ɗiyata, ki kula da abubuwa kaɗan. Kada ki ɗebi na bakin babban titi, kuma ki bar duk wanda ke ƙasa da gwiwa saboda karnukan da ake yawo da su. Ki sa riga mai dogon hannu don ƙayar ba ta da tausayi, kuma ba wadda kike ji da ita ba, jan ruwan nan ba ya fita da sauƙi. A rana busasshiya ake tsinka, wanda ruwan sama ya jiƙa salam yake kuma yana saurin yin hunhuna. Dokar Ingila ta 1968 kan sata ba ta ɗauki tsinkar 'ya'yan itacen daji a matsayin sata ba muddin don ci ne ba don sayarwa ba, amma wannan bai ba ki izinin shiga gonar wani ba.

Na daji yakan zo da ƙananan fararen tsutsotsi. Ki jiƙa shi a ruwa lita 1 da gishiri cokali 1 na minti 10 zuwa 15, za su fito su taso, ki ɗauraye sau biyu ki baza ya tsane sosai. A ranar ki dafa, in ba hali ki sa a firiza, don a firiji kwana ɗaya zuwa biyu yake yi ya fara lalacewa. Mutanen nan suna da camfin cewa bayan ƙarshen Satumba shaiɗan ya tofa wa bilakberi yawu. Camfin nasu ne, amma abin da ke ƙarƙashinsa gaskiya ne: in sanyi da danshi suka shigo, 'ya'yan ruwa suke yi, hunhuna ta kama su, fektin ya ragu. Ki yi naki yanzu.

Maman Biyu (Manchesta):

Allah ya saka muku da alheri, na fahimta sosai. Saura biyu. Kwalaben fa, yaya zan shirya su don ya daɗe ba tare da firiji ba? Kuma in na wayi gari na ga bai kama ba, ya lalace ke nan? Mama tana da ciwon sukari kaɗan, ko zan iya rage sukarin zuwa rabi?

Uwargidan Shefil:

Kwalabe ki wanke da ruwan zafi da sabulu, ki ɗauraye, kada ki goge da tsumma, ki jera su a oba mai digiri 140 na minti 15. Murafen ki tafasa su a ruwa minti 5 zuwa 10 ki bar su su bushe, oba tana lalata robar da ke cikinsu. Tsohuwar kwalba babu laifi in bakinta bai tsage ba, amma wadda ta taɓa ɗaukar yaji ko tafarnuwa murfinta ba ya sakin wari.

Da jam ya yi, ki kwashe kumfar saman da cokali sau ɗaya a ƙarshe, ba kina ta kwasa yana kan wuta ba, asara ce. Ɗan guntun bota kamar gram 10 ma yana kwantar da ita. Ki zuba da zafinsa cikin kwalba mai zafi, mai sanyi fashewa take yi. Ki cika har saura kamar milimita 5, ki goge bakin, ki rufe nan take. Yana hucewa za ki ga tsakiyar murfin ta lotsa ciki, alamar ya rufu ke nan. Wadda ba ta lotsa ba ta shiga firiji a fara ci da ita. Sauran su yi shekara a kabad mai sanyi da duhu. In an buɗe, firiji, a cinye cikin wata guda, kuma da busasshen cokali mai tsabta, ba wuƙar da ta taɓa bota ba. Yara su yi nisa da kicin lokacin zubawa, ƙunar jam ta fi ta ruwan zafi muni don liƙewa yake yi a fata.

In bai kama ba kada ki yi gaggawa, ki ba shi kwana 2, wani yana jinkiri. In har yanzu yana malala, ki juye a tukunya, ki ƙara lemon tsami cokali 1 ga kowane kilo, ki tafasa da ƙarfi minti 3 zuwa 5, ki gwada a faranti. In ya ƙi, fektin ne babu, ki sa na kwalba irin Certo bisa umarnin da ke jikinsa. Kwalaben sai an sake wanke su an gasa. Wanda ya yi tauri da yawa kuma a narkar da shi da ruwan zafi cokali 3 ko 4 a wuta kaɗan, sai dai in ya riga ya yi ƙauri, wannan ba shi da gyara.

Ɗan Kimiyyar Abinci:

Kan rage sukari, Maman Biyu, ba zan ba ki shawarar rabi da wannan hanyar ba. Ko dai ya ƙi kamawa, ko ki yi ta tafasawa har ruwa ya ƙone sukarin ya koma kashi 60 ɗin da kika gudu, kin tashi da jam kaɗan mai zaƙi iri ɗaya. Sannan sukarin ne ke hana hunhuna da tsami, in ya gaza za ki ga kumfa na tasowa a kwalba ko fari-fari a sama, kuma irin wannan zubarwa ake yi gaba ɗaya, ba a kwashe sama a ci ƙasa. Ƙasa da gram 700 ga kilo na tatacce, ki ɗauke shi a matsayin abin firiji na mako 2 zuwa 3, ko ki daskarar a ƙananan robobi. Akwai wani fektin na daban mai kamawa da sinadarin kalsiyam maimakon sukari, kamar Pomona's, da shi ake yin mai ƙarancin zaƙi, amma shi ma in an buɗe ba ya daɗewa. Yawan da Mama za ta ci kuwa, wannan a tambayi likitanta.

'Yar Arewa a Oregon:

Sallama gare ku. A nan yammacin Amurka bilakberin da ya mamaye gefen hanyoyi shi ne wanda suke kira na Himalaya, manya ne masu zaƙi amma ƙwayoyinsu sun fi tauri da yawa, to tacewa dole ce. Bambancin da ke akwai shi ne a nan hukumomin noma ba su yarda a rufe kwalba a ajiye haka nan ba. Bayan an cika an bar sararin milimita 6 an rufe, ana nutsar da kwalaben cikin tukunyar tafasasshen ruwa, ruwan ya haura murfi da santimita 3 ko fiye, minti 5 in an riga an tafasa kwalaben, minti 10 in garin yana kan tudu sama da mita 300. Ga wadda za ta aika jam gida inda ake zafi, ko ta rage sukari ko da kaɗan ne, wannan matakin ya cancanci minti goman.

Tudun nan kuma yana shafar ma'aunin zafi. Kowane mita 300 na tsawo yana rage tafasar ruwa da kusan digiri 1, don haka lissafin gaskiya shi ne zafin da ruwa ke tafasa a garinku a ƙara masa digiri 4 da rabi. Masu karantawa daga Jos, inda ruwa ke tafasa a wajen digiri 96, in suna yin jam da sitiroberin da ake nomawa a can su tsaya a 100 zuwa 101, in suka jira 105 alewa za su sauke. Gwaiba ma da wannan hanyar ta dafawa da tacewa ake raba ta da ƙwayoyinta, sai dai tana son ruwa fiye da bilakberi a dafawar farko, ya kusa rufe ta, da minti 30 a wuta kafin ta yi laushin bi ta rariya.